Tsabtace Ruwan Ƙazanta a Wuraren Karkara da Ke Cika da Jama'a Lokaci-Lokaci

Akwai wurare a karkara da yawan jama'arsu ba ya tsayawa a kan adadi ɗaya. Makarantar kwana da ke bayan gari takan ɗauki ɗaruruwan ɗalibai har tsawon wata uku, ranar da aka ba da hutu kuma sai ta koma daga maigadi sai iyalan malamai ƙalilan. Kasuwar Maigatari a Jigawa takan cika maƙil ranar Alhamis, sauran kwanakin mako kuwa rumfuna ne suka fi mutane yawa. Argungu kan karɓi dubban baƙi cikin 'yan kwanaki lokacin bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, haka ma Ingal ta jihar Agadez idan makiyaya suka taru a ƙarshen damina domin dabbobinsu su lashi gishiri. Sansanin Wikki da ke gandun dajin Yankari ya fi ganin baƙi da rani, musamman lokacin hutun ƙarshen shekara. Abu biyu ne ya haɗa waɗannan wurare. Babu babban bututun ƙarƙashin ƙasa da zai kwashe ƙazantarsu zuwa wata matata mai nisa, saboda haka dole a tsabtace ta a inda aka yi ta. Sannan ƙazantar ba ta zuwa da ma'auni ɗaya: yau ta yi ambaliya, gobe ta ɗauke ƙaf.

Ruwan da mutane ke zubarwa iri biyu ne, kuma rarrabe su shi ne matakin farko. Akwai na masai, wanda ke ɗauke da kashi da fitsari da ruwan tsarki. Shi ne mai hatsari, domin a cikinsa ƙwayoyin kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki suke. Akwai kuma ruwan wanka da wanki da wanke-wanke da alwala, wanda ya fi na masai yawa nesa ba kusa ba, amma cutar da ke cikinsa kaɗan ce. A makaranta ko tasha ko filin taro a ƙasar Hausa, ruwan alwala kaɗai yakan kai ganguna masu yawa a yini, kuma kusan ruwa ne mai tsabta in ban da ƙura. Idan aka tura shi cikin ramin masai, an mayar da ruwa mai amfani ƙazanta, an kuma cika ramin kafin lokacinsa. Idan aka ba shi nasa bututun zuwa gindin ayaba ko darbejiya ko mangwaro, an rage rabin matsalar tun kafin a sayi buhun siminti. Ruwan kicin ne kaɗai ke bukatar ɗan ƙaramin akwatin siminti a kan hanyarsa domin ya tare maiƙo, saboda maiƙo yana toshe bututu yana kuma like ƙasa.

Muhimmancin wannan aiki ba sai an yi dogon bayani ba. A shekarar 2021 Najeriya ta ga annobar kwalara wadda aka yi zargin mutum fiye da 100,000 sun kamu, sama da 3,500 kuma suka rasu, akasarinsu a jihohin Arewa. Kwalara tana bin ruwan sha da kashi ya taɓa, kuma taron baƙi da ke watsewa bayan kwana uku shi ne hanya mafi sauri ta raba ta zuwa garuruwa da dama.

Duk wata hanya ta tsabtace ruwan ƙazanta, babba ko ƙarama, wasu halittu ne da ido ba ya gani suke yin ainihin aikin. Bakteriya ne ke cinye ƙazantar, su mayar da ita ruwa da iska da ɗan laka. Wasunsu sai da iskar oksijin suke rayuwa, kuma su ne masu saurin aiki. Wasu kuma a inda babu iska suke zama, aikinsu a hankali yake, su ne ke fitar da iskar gas mai kamawa da wuta da kuma warin nan na ruɓaɓɓen ƙwai. Waɗannan halittu kamar garke suke: yawansu yana bin yawan abincin da ake ba su, idan aka bar su da yunwa su rame su mutu, idan kuma aka jibga musu abinci rana ɗaya bayan doguwar yunwa ba za su iya cinyewa ba. Nan ne wahalar wuraren da ke cika lokaci-lokaci take. Mai tsarawa yakan zuba ido ga ranar cikar kasuwa ya auna girman tanki da ita, ya manta da watannin da babu kowa, alhali su ne ke kashe aikin.

Wannan ne dalilin da ya sa ƙananan matatun zamani masu injin hura iska ba su cika dacewa da irin waɗannan wurare ba. Dabarar da suke aiki da ita an gano ta ne a Manchester ta Ingila a 1914, kuma tana tsabtace ruwa sosai a birnin da ƙazanta ke kwarara dare da rana, wutar lantarki kuma ba ta yankewa. A makarantar da ke dogara da janareto, idan injin ya tsaya na yini ɗaya ko biyu bakteriyar ta fara shaƙewa. Idan aka yi hutun wata biyu, yawancinta ta mutu, kuma sai an yi makonni bayan dawowar ɗalibai kafin ta farfaɗo. A cikin waɗannan makonni, ruwan da ke fita daga injin bai bambanta sosai da wanda ya shiga ba. Ga tsadar mai, ga kayan gyara da ba a samu sai a birni. Kuɗin da aka kashe a kan irin wannan na'ura a ƙauye mai nisa, sau da yawa hasara ce.

Abin da ya fi jure yunwa shi ne tankin siminti na ƙarƙashin ƙasa, wanda jama'a kan haɗa shi da raminsa su kira su sokawe. Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ne ya fara gina irinsa wajen 1860. Tankin ɗaki biyu ne, na farko ya ninka na biyu girma. Ƙazanta tana shiga ta kwana ɗaya ko biyu, mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya ya wuce gaba. Bakteriyar da ke cikin lakar tana iya yin watanni tana cin abin da ya riga ya kwanta, shi ya sa hutu ba ya kashe ta. Hasali ma hutun yakan ba ta damar rage tarin lakar. Sai dai tankin ba ya cire fiye da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ƙazantar, ƙwayoyin cuta kuwa yawancinsu suna fita da ransu. Ruwan da ya fito daga tanki ba na sakewa a kwata ba ne, ba kuma na ban ruwan latas ba.

Ana iya ƙara wa tankin ƙarfi ta hanyar yawaita ɗakunansa zuwa huɗu ko shida, a tsara bututu yadda ruwan zai riƙa shiga kowane ɗaki ta ƙasa ya ratso cikin laka kafin ya haura zuwa na gaba. An ɓullo da wannan tsari a jami'ar Stanford ta Amurka a farkon shekarun 1980, wata ƙungiyar Jamus mai suna BORDA kuma ta yaɗa shi a Indiya da Indonesiya da wasu ƙasashen Afirka. Ba ya bukatar lantarki, yana iya cire mafi yawan ƙazantar, kuma yana jure kwararar ba-zata fiye da tanki mai ɗaki biyu. Aibinsa ɗaya: sabon gini yakan ɗauki watanni kafin bakteriyarsa ta kankama. Saboda haka akan ɗebo laka daga wani tsohon tanki a zuba masa a matsayin iri, kuma ba a gama ginin ana jibi taro a sa ran zai yi aiki.

Girman tanki lissafi ne mai sauƙi. A ɗauki misalin makaranta mai ɗalibai 500, kowanne yana amfani da ruwa lita 40 a yini. Jimilla lita 20,000 ke nan, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasa, wato lita 16,000, zai dawo a matsayin ruwan datti. Idan duka za a tura cikin tanki ya kwana biyu, ana bukatar wurin lita 32,000, ban da wurin laka, wadda akan ƙiyasta kusan lita 40 ga kowane mutum a shekara. Idan aka raba ruwan wanka da alwala, girman ya ragu ƙwarai. Ya fi kyau kuma a gina tanki biyu ko uku matsakaita, kowane rukunin ɗakunan kwana da nasa, maimakon ƙato guda ɗaya. Lokacin hutu sai a rufe wasu a bar wanda gidajen malamai ke ciyarwa, idan ɗaya ya lalace kuma makaranta ba ta tsaya ba.

Daga tanki, ruwan yakan tafi ramin tsotsewa ko dogayen ramukan da aka cika da tsakuwa, inda ƙasa da kanta ke ƙarasa tacewa. A nan dole a san irin ƙasar wurin. Gwajin ba shi da wuya: a haƙa rami, a jiƙa shi sosai, a sake cika shi da ruwa, a ga saurin da yake sauka. Ƙasar laka irin ta fadama ko firgin yankin tafkin Chadi takan riƙe ruwa, ramin ya cika ya tumbatsa da damina. Ƙasar jigawa mai rairayi kuma takan shanye shi da sauri har ya isa ruwan rijiya kafin ƙasa ta tace shi. Ƙa'idar da hukumomin agaji ke bi ita ce ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 da rijiya ko burtsatse, ya kasance a gangare da ita, gindinsa kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi a saman inda ruwan ƙasa ke kaiwa. Wannan awon da damina ake yin sa, wajen Agusta zuwa Satumba, ba a watan Afrilu ba lokacin da rijiyoyi suka yi ƙasa. Ban da ƙwayoyin cuta, akwai sinadarin naitiret da ke fitowa daga fitsari, wanda ƙasa ba ta tare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin kowace lita ta ruwan sha, saboda yana cutar da jinin jarirai.

Inda ƙasa ba ta dace ba, ko ake son a ci moriyar ruwan, akwai dabarar fadamar da aka gina da hannu. Wata masaniyar tsirrai Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta fara gwada ta a shekarun 1950. Akan haƙa fili mara zurfi, a shimfiɗa leda mai kauri ko a daɓe shi da yumɓu don kada ya yoyo, a cika shi da tsakuwa da yashi, a dasa tsirran da ke son ruwa. Ruwan yana ratsawa ta ƙarƙashin tsakuwar, ba ya fitowa fili, saboda haka sauro ba ya samun wurin ƙwai kuma wari ba ya tashi. Bakteriyar tana manne a jikin tsakuwa da saiwa, tsirran kuma suna hana wurin toshewa.

Faransa tana cikin ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni. Tun daga shekarun 1980 ta gina dubban irin waɗannan matatu a ƙananan garuruwa, ciki har da ƙauyukan shaƙatawa da sansanonin 'yan yawon buɗe ido da ke cika a Yuli da Agusta su koma fayau da sanyi. Tsarinsu yakan ba kowane mutum kusan murabba'in mita biyu. Matakin farko kwami uku ne da ake ba ruwa bi da bi: ɗaya ya sha na kwana uku da rabi, ya huta mako guda, sauran biyun su karɓa. Wannan hutu yana cikin tsarin tun asali, domin a lokacinsa ne iska ke shiga yashi, lakar da ta taru a sama ta bushe ta tsattsage. Shi ya sa tsarin ya dace da wurin da ke cika ya watse. Lakar da ke taruwa a saman kwamin sai bayan shekara 10 zuwa 15 ake kwashe ta, ta zama kamar takin gargajiya. A yankuna masu zafi bakteriya ta fi kuzari, filin da ake bukata kuma ya fi ƙanƙanta.

Sai dai ba a ɗauko tsarin Turai a dasa shi a Sahel yadda yake. A can sanyi ne abin tsoro, a nan kuwa bushewa ce. Da bazara ruwan da ke fili kan iya raguwa da kusan santimita ɗaya a yini, tsirrai kuma suna ƙara zuƙe shi. Dogon hutun makarantu yana faɗowa cikin damina, saboda haka ruwan sama yana riƙe tsirran. Hutun watan Afrilu shi ne mai hatsari, domin mako uku babu ruwa a wannan zafi ya isa ya ƙone kwami. Maganinsa shi ne a sa gwiwar bututu a mafitar ruwan wadda za a ɗaga sama kafin hutu domin gindin kwamin ya riƙe ruwa, ko a karkato ruwan gidajen malamai da na masallaci zuwa wurin. Zaɓen tsiro ma sai da lura. Jema tana da doguwar saiwa, tana jure fari da ambaliya, kuma ana yin zana da ita. Kachalla tana tace ruwa da kyau, amma duk wanda ya ga yadda ta toshe hanyoyin ruwa da gonaki a dausayin Haɗeja da Nguru ya san ba abar da za a kai sabon wuri ba ce. Irinta iska ke ɗauka.

Wata hanyar ita ce tafkunan tacewa, waɗanda a ido suka yi kama da kududdufi amma a tsare suke. Na farko mai zurfin mita uku ko fiye, inda ƙazanta ke kwanciya. Na biyu mai faɗi, zurfinsa kusan mita ɗaya da rabi, inda gansakuka ke samar da oksijin da hasken rana. Na ƙarshe mara zurfi, inda rana ke kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan tsutsa kuma ya nutse. Ruwan yakan yi makonni kafin ya fita, kuma saboda yawan da tafkunan ke ɗauka, cikar kasuwa ta yini ɗaya ba ta girgiza su. Cikin duk hanyoyin da ba sa bukatar lantarki, wannan ce ta fi kashe ƙwayoyin cuta. Amma tana cin fili, tana bukatar shinge saboda yara da dabbobi, dole a riƙa nome ciyawar bakinta don hana sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, kuma a wurin da zai yi wata biyar babu mai zuba ruwa, tafkin zai ƙafe, yumɓun gindinsa ya tsage, ya fara yoyo idan ruwa ya dawo.

Ga taron da ba ya wuce kwana uku ko huɗu a shekara, duk waɗannan gine-gine ba su da ma'ana, domin babu bakteriyar da za ta jira wata goma sha ɗaya. Abin da ya dace shi ne a tara a ajiye, lokaci ya yi aikin. Masai mai rami biyu, irin wanda ƙungiyar Sulabh ta yaɗa a Indiya tun shekarun 1970, misali ne mai kyau: a yi amfani da rami ɗaya, idan ya cika a rufe shi a koma ɗayan, bayan kamar shekara biyu abin da ke cikin na farko ya zama busasshen taki da za a iya kwashewa da shebur. Ana kuma iya haƙa ramuka marasa zurfi a jere kafin taro, a ɗora musu murfin siminti da rumfar da ake iya ɗagawa, bayan taro a binne su a dasa itace a kai. Bututun iska mai raga a bakinsa, wanda aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970, yana fitar da wari yana kuma kama ƙuda. Ma'aunin hukumomin agaji shi ne masai ɗaya ga mutum 20 a wurin zama, ɗaya ga mutum 50 a halin gaggawa, kuma na mata daban, da fitila da sakata. Akwai kuma abin da masu tsara wuraren tarukan addini ya kamata su riƙe: watan Musulunci yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka Maulidi ko tafsirin azumin da aka yi da rani a wata shekara zai faɗo tsakiyar damina bayan wasu shekaru, lokacin da ruwan ƙasa ya taso.

Kowace hanya aka bi, laka za ta taru kuma dole wata rana a yashe ta. Akan auna ta da doguwar sanda, idan ta kai kusan rabin zurfin ɗakin farko lokaci ya yi, wanda yakan kama daga shekara biyu zuwa biyar. Mafi dacewar lokaci shi ne ƙarshen hutu ko makonni kafin taro, kuma da rani. Ba a kwashe ta ƙarƙaf, akan bar kaɗan a gindi ta zama iri. Ba a shiga cikin tankin ko da an ga kamar babu komai, domin iskar da ke ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Ba a leƙa shi da ashana ko fitilar kwai. Masu yasar masai suna bukatar safar hannu da takalman roba da sabulu, da kuma wurin zubarwa da aka keɓe, domin zubar da lakar a bakin rafi yana rushe duk abin da aka yi. A karkara hanya mafi sauƙi ita ce a haƙa dogon rami nesa da rijiya, a zuba, a rufe da ƙasa, a dasa itatuwa. Idan taki ake so, sai a shanya ta a kan yashi ta bushe, a ajiye ta shekara ɗaya zuwa biyu, saboda ƙwan tsutsar ciki yana da taurin rai. Al'adar zuba baƙin mai ko kananzir ko maganin ƙwari mai yawa a masai don kashe wari tana kashe bakteriyar ne, ramin ya fi saurin cika, gubar kuma ta gangara ruwan ƙasa. Toka ko busasshiyar ƙasa sun isa ga masan rami.

Ruwan da ya fito daga kwamin tsirrai ko tafkin ƙarshe yana ɗauke da abincin shuka, kuma a ƙasar da ruwa ke tsada ba abin zubarwa ba ne. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ta nemi kada ƙwan tsutsa ya wuce ɗaya a lita ga ruwan da za a yi ban ruwa da shi. Tun da ƙauye ba shi da ɗakin gwaji, abin da ya fi aminci shi ne a ba itatuwa da ciyawar dabbobi da masara da rake, a zuba a gindin shuka, a nisanta shi da latas da kabeji da tumatir da duk abin da ake ci ɗanye.

Abin da ya rage shi ne mai kula. Wurin da jama'a ke watsewa yakan rasa mai cewa nawa ne, kuma yawancin masan kasuwa da na makarantu da suka lalace ba ginin ne ya gaza ba, rashin wanda aka ɗora wa alhaki ne. Ana bukatar mutum ɗaya sananne da ke zaune a wurin duk shekara, da ɗan kuɗin da aka ware daga harajin rumfa ko kuɗin makaranta ko kuɗin shiga. Aikinsa ba shi da yawa: ya juya bututu daga kwami zuwa kwami a ranar da aka tsara, ya kwashe maiƙon kicin kowane mako, ya cire leda da tsumma daga raga, ya yanke tsirrai sau ɗaya ko biyu a shekara. Mako biyu kafin dawowar jama'a ya buɗe murafe ya duba tsagewa, ya auna laka, ya sauke gwiwar bututun da aka ɗaga, ya zuba ruwa ya tabbatar yana gudu daga masai har zuwa mafita.